Ƙaramin injin turbo mai silinda uku: zai yi ƙarko kuwa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin masana harkar injin. Motoci biyu ne a gabana, ɗaya zan ɗauka. Ta farko injinta lita 1.0 ne, silinda uku, da turbo, irin wanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, takarda ta ce ƙarfin doki 125. Ta biyun ta girme ta da 'yan shekaru, lita 2.0, silinda huɗu, babu turbo, ƙarfin doki wajen 140. Ƙaramar ta fi daɗin tuƙi a cikin gari, da ka taɓa totur ta ɗauka, kuma ba ta shan mai. Sai dai ni mutum ne mai daɗewa da mota, ba na canjawa sai ta gaji. Shin wannan ɗan ƙaramin injin zai iya kai ni kilomita 250,000 ba a sauke shi ba?

Baba Makaniki:
Wa'alaikumus salam. Abban Sadiq, ɗauki babbar ka huta. Abin da hannuna ke taɓawa nake faɗa maka. Irin waɗannan ƙananan injinan suna shigowa gareji da jar fitilar mai a kunne, mai motar yana rantsuwa bai taɓa barin baƙin mai ya yi ƙasa ba. Kuma gaskiyarsa ce, ka zaro geji ka ga mai a cike. Sai ka kwance kaskon ƙasa. Abin da za ka tarar a rariyar famfon mai shi ne baƙin garin roba, wani har da zare-zare a jikinsa, ya toshe ramukan rariyar ruf. Ka ɗebo ka murza da yatsa, sai ya dunƙule. Wannan ba dattin mai ba ne, bel ɗin taimin ne, wanda ke daidaita lokacin buɗe bawul da tafiyar fistan, yake marmashewa a cikin mai. Famfo na zuƙa bai samun abin zuƙa, metal, wato shimfiɗar da shaf ke juyawa a kai, ya bushe, turbo ya bushe, shi ke nan. Tsohon lita 2.0 kuwa, in dai kana yi masa juye, sai dai ka gaji da shi. An ɗauko kayan bijimi an ɗora wa maraƙi, ina zai kai?

Injiniya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da ka gani a rariya gaskiya ne, babu mai musa maka. Amma ina so mu raba magana biyu, don kada Abban Sadiq ya ɗauka ƙanƙantar injin ce ke kashe shi.

A ɗauki Ford 1.0 EcoBoost a matsayin misali, tunda shi ne ya yi suna a wannan aji. Ya fito a 2012, girmansa cc 999, silinda uku, kuma ya ci kyautar gwarzon injin na duniya sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Mai ƙarfin doki 125 ɗin yana ba da ƙarfin murɗa Nm 170 tun injin yana zagaye 1,400 kacal a minti. Wannan shi ne daɗin da Abban Sadiq ya ji a ƙafarsa. Injin lita 2.0 marar turbo sai ya haura zagaye 4,000 kafin ya ba ka cikakken ƙarfinsa.

Ta yaya ƙarami ke yin aikin babba? Ƙarfin injin yana zuwa ne daga yawan iskar da ya shaƙa, domin kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska ya ƙone sarai. Turbo yana amfani da hayaƙin da ke fita ya juya fanka, ita kuma ta cusa iska da ƙarfi cikin silinda. Masu ƙera shi sun san nauyin da suka ɗora masa, saboda haka ba kayan maraƙi suka sa masa ba. Bulok ɗin wancan EcoBoost ɗin na baƙin ƙarfe ne, kuma a irin waɗannan injinan akwai 'yan bututu da ke fesa wa fistan baƙin mai ta ƙasa don ya huce. Ƙarfe ba kasafai yake gazawa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne baƙin mai. Ƙaramin turbo yana iya juyawa sama da sau 200,000 a minti, ɓangarensa na hayaƙi yana kai wa digiri 900 ko fiye, kuma abin da ke tsakanin shaf ɗinsa da gidansa ɗan siririn mai ne kawai. Mai ɗin nan dai shi ke tura na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul, shi ke sanyaya fistan, kuma a wasu injinan shi ne bel ke wanka a ciki. Tsohon injin yana yafe maka in ka makara da juye. Wannan ba ya yafiya.

Abban Sadiq:
Tsaya tukuna Injiniya. Bel a cikin mai? Ni abin da na sani, in mai ya taɓa bel ɗin taimin to ya lalace, canja shi ake yi. Ashe akwai wanda da gangan aka sa shi ciki?

Injiniya:
Akwai, ranka ya daɗe. Roba ce ta daban da aka haɗa don ta jure mai, kuma dalilinsu shi ne bel ya fi sarƙa rashin ƙara da rashin gogayya, wato an ɗan rage shan mai. A kan takarda dabara ce mai kyau. Ford sun ce nasu zai yi shekara 10 ko mil 150,000, wato wajen kilomita 240,000. Injin 1.2 PureTech na Peugeot da Citroën, mai cc 1,199, shi ma haka aka yi shi. Sai dai a rayuwa ta zahiri mai ba ya zama mai tsabta. Fetur na tsiyaya ciki, ruwa na taruwa, mai na tsufa ya yi tsami, wani kuma ya zuba irin man da ba shi aka ce ba. Duk waɗannan suna cin robar, ta kumbura, ta tsattsage, ta fara zubar da gari.

A PureTech abin ya kai har aka mayar da wa'adin canja bel zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000, aka kuma kira motoci gyara, domin garin bel ɗin yana iya toshe hanyar mai ta famfon da ke taimaka wa birki, direba ya taka ya ji birki ya yi tauri. Daga 2023 suka fito da sabon fasali mai sarƙa. Ford ma a sababbin fasalin 1.0 sun koma sarƙa wajen juya kamshaf. To ka ga tambayar farko da za ka yi ba "lita nawa ne" ba ce. Ka nemi lambar injin, ka san bel ne ko sarƙa, in bel ne busasshe ne ko na cikin mai.

Baba Makaniki:
To ai ka faɗi maganata da bakinka, Injiniya. Su da suka yi shi sun koma sarƙa. Me ya rage?

Direban Dogon Zango:
Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Sarƙa ma ba takardar tsira ba ce. Volkswagen suna da 1.4 TSI na dangin EA111, sarƙa ce, kuma ta yi ƙaurin suna wajen miƙewa, ka tayar da mota da safe ka ji ƙarar kaca-kaca na ɗan lokaci. Da suka fito da EA211 a 2012, bel suka koma, busasshe, a wajen mai. Wato wasu sun gudu daga bel zuwa sarƙa, wasu daga sarƙa zuwa bel.

Ni motata ƙaramin turbo ce, kuma aikina kan babbar hanya ne. Ta yi nisa ƙwarai, ba a taɓa buɗe kan injin ba, turbo ɗin da ta zo da shi ne har yau. Abin da nake yi bai da yawa. Ba na jiran kilomitar da littafi ya ce, ina yin juye kafin nan. Ba na taka ta da ƙarfi sai allurar zafi ta hau. In na sauko daga doguwar tafiya da gudu, ina sassautawa kafin in iso, in bar ta a sulo na minti ɗaya kafin in kashe.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda ana maganar mai, ga tawa tambayar. Motata irin wannan ce mai turbo, kuma ba na nisa da ita, makarantar yara ce da wurin aiki, duk kusa. Ɗana ya duba mini geji ya ce mai ya haura alamar sama, alhali ba wanda ya ƙara. Da na sansana sandar, warin fetur ne sosai. Na ji ana cewa injin na cin mai, ban taɓa jin yana haifar mai ba. Matsala ce?

Injiniya:
Hajiya, matsala ce, kuma kin yi kyau da kika sansana. Fetur ne ke gangarawa cikin baƙin mai. A tsohon tsari ana fesa fetur ne a bayan bawul, da matsi kaɗan, bar 3 zuwa 4, ya gauraya da iska kafin ya shiga. A tsarin fesa kai tsaye, nozul ɗin yana cikin silinda, yana harba fetur da matsin da ya kai bar 200, a sababbi har 350. In injin na da sanyi, wani ɓangaren fetur ɗin ba ya zama tururi, sai ya manne a bangon silinda, ringi ya share shi zuwa ƙasa. In da za ki yi tafiya mai tsawo, mai ya yi zafi sosai ya daɗe a haka, yawancinsa zai tashi ya koma ya ƙone. Amma ke kafin mai ya yi zafi kin isa kin kashe. Gobe ma haka. Allurar da kike gani a gabanki zafin ruwa take nunawa, baƙin mai kuwa ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi.

Ba ke kaɗai ba ce. Injin Honda 1.5 turbo na Civic da CR-V ya yi fama da wannan a wurare masu tsananin sanyi, har aka kira motoci gyara a China a 2018, aka sauya manhajar kwamfutar injin don ya riƙa ɗumama da wuri.

Ki yi juye yanzu, kada ki jira lokacinsa, domin man da fetur ya tsinka ba ya riƙe metal. Daga nan ki riƙa lissafin juye da watanni, ba da kilomita ba. Littafin motoci da yawa yana da jadawali biyu, na tuƙi na yau da kullum da na tuƙi mai wahala. Mutane na ɗauka mai wahala shi ne gudu. A'a, gajerun tafiye-tafiye, cunkoso, yawan tsayuwa a sulo, ƙura da zafi, su ne a rubuce a wurin. In bayan juye mai ya sake hawa da sauri, a duba nozul ko famfon fetur mai babban matsi, wataƙila ɗaya na yoyo.

Maman Ilham:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Wato rashin wahalar da ita da nake ganin gata ne, shi ne wahalar.

Kawu:
Ni dai a nawa ganin duk wannan rigima daga man nan mai kama da ruwa take. 0W-20 me zai riƙe? An yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. A wuri mai zafi ka zuba 20W-50 mai kauri, injin ya yi shiru, hayaƙi ya ɗauke, kowa ya huta. Mun yi haka shekara da shekaru ba abin da ya faru.

Baba Makaniki:
A'a Kawu, a nan kam ban bi ka ba, ko da yake ni ma ba masoyin sababbin injinan ba ne. A tsohon injin mai kafireto wanda ya riga ya saki, 20W-50 na rufa masa asiri. A na zamani kuwa cuta ce. Ka taɓa kwance sulenoyid ɗin da ke juya kamshaf? Ragar da ke jikinsa ta fi ta tace shayi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ramukan man kuma sirara ne. Mai kauri da safe kafin ya isa can sama, kamshaf ya riga ya yi juyi da yawa a bushe. Sai ka ga fitila ta kama, na'ura ta nuna lambar taimin, mai motar ya ce ai mai mai kyau yake zubawa.

Injiniya:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Kawu, lambar farko mai W tana nuna yadda mai ke gudana cikin sanyi. Ta biyun tana nuna kaurinsa a digiri 100. Injin da ke aiki a ƙasa mai ƙanƙara da wanda ke aiki a hamada, in duk sun ɗumama, zafin cikinsu kusan ɗaya ne, domin tamostat da fanka ne ke tsayar da shi, ba yanayin gari ba. Wasu kamfanoni suna yarda a hau mataki ɗaya, misali daga 0W-20 zuwa 5W-30, a wasu ƙasashe, kuma in sun yarda za ka gani a littafi. Tsalle zuwa 20W-50 kuwa babu littafin injin zamani mai turbo da zai ce maka haka.

Amma akwai abin da ya fi kauri muhimmanci, kuma shi ne mutane ba sa dubawa: ƙananan haruffan da ke bayan galan. Akwai wata cuta ta ƙananan injinan turbo masu fesa kai tsaye da ake kira LSPI. Tana faruwa ne idan injin na juyawa a hankali kuma aka ɗora masa nauyi, misali kana babbar giya, gudu kaɗan, ga hawa, ka danne totur. Sai wani ɗigon mai da ya gauraya da fetur, ko ɓarɓashin gawayi mai zafi, ya kunna wuta kafin fulogi ya ba da tasa. Fistan na hawa, wuta na danno shi. Bugu ɗaya mai ƙarfi na iya fasa gefen fistan inda ringi ke zama. Wanda ya taɓa ganin irin wannan fistan ya san shi: sama lafiya lau, amma tsakanin ringi na ɗaya da na biyu wani yanki ya ɓalle.

Bincike ya nuna cewa sinadarin wanke injin mai yawan kalsiyam da ake sa wa mai yana ƙara yawan faruwarta, sai aka rage shi aka cike da magniziyam. Saboda wannan aka fito da matakin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018, sannan API SP da ILSAC GF-6 a 2020. General Motors tun 2017 suka sa gwajin LSPI a cikin nasu ma'aunin mai, dexos1 Gen 2. Galan biyu na iya zama duk 5W-30, ɗaya ya ci wannan gwaji, ɗaya bai san da shi ba. Ban da wannan akwai lambar kamfani: wancan EcoBoost ɗin Ford sun rubuta masa WSS-M2C948-B, Volkswagen suna da irin su 504 00 da 508 00. A injin mai bel cikin mai wannan lambar ba ado ba ce, da wannan man aka gwada robar.

Kawu:
To na ji ta turbo. Amma tawa tsohuwa ce, ba zan canja mata ba.

Baba Makaniki:
Taka daban, Kawu. Bar ta a kan abin da ta saba.

Ɗalibi:
Malamai, ina koyon aiki ne, a yi haƙuri da tambayata. An kawo mana wata mota tana rawa a sulo da safe, na'ura ta nuna P0300, lambar da ke cewa silinda na kasa ƙona fetur jefi-jefi. Mun canja fulogi, mun canja kwayil, ba ta daina ba. Da ogana ya cire manifol, bayan bawul ɗin shan iska ya cika da baƙin abu mai danƙo, har ramin ya ƙanƙance. Mai motar ya ce kullum yana zuba maganin wanke injekta a tanki. Me ya sa bai wanke ba?

Baba Makaniki:
Yaro, tambayarka ta yi kyau. Bi hanyar fetur da idonka. Daga tanki zuwa famfo, zuwa nozul, nozul kuma a ina yake? Cikin silinda. To yaushe fetur ya taɓa bayan bawul? Bai taɓa ba. Ko me ka zuba a tanki, ta gaban bawul zai wuce. A tsohon tsari fetur na wanke bayan bawul a kowane shaƙa, shi ya sa ka buɗe tsohon injin ka ga wurin fes. A wannan kuwa tururin mai da ke fitowa daga cikin injin, wanda ake mayarwa manifol ta bawul ɗin PCV, shi ke sauka kan bawul mai zafi ya gasu, yau kaɗan gobe kaɗan. Maganinsa hannu ne. A rufe bawul ɗin silindar da ake aiki a kai, a harba masa garin ɓawon gyaɗar turawa (walnut) da iska, injin zuƙa na janyewa. Ɓawon ya fi gawayin ƙarfi amma bai kai ƙarfe ba, saboda haka ba ya cin bawul. Ka tabbata bawul a rufe yake kafin ka fara, in ba haka ba ka cika silinda da gari. Kuma ka duba PCV ɗin kansa, in robarsa ta yage aikin zai dawo da wuri.

Wannan ma yana cikin abin da nake faɗa wa Abban Sadiq. Aiki ne da babbar motar ba za ta taɓa nema ba.

Injiniya:
Haka ne, kuma kamfanonin sun gane. Toyota tun 2005 suka fito da D-4S a injin 2GR-FSE na Lexus, nozul biyu ga kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a bayan bawul, ga ƙarfi ga wanki. Wasu ma sun bi sahu daga baya.

Kuma in za a yi adalci, akwai kamfanonin da suka ga hanyar Baba ta fi. Mazda da Skyactiv-G a 2011 ba su ƙanƙanta injin ba, matsin silinda suka ɗaga har 14 bisa 1 a wasu kasuwanni. Toyota da Dynamic Force, wanda ya fara da lita 2.5 a Camry a 2017, babu turbo, matsi 13 bisa 1, kuma yana mayar da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin fetur zuwa aiki, adadi mai girma ga injin fetur. Sai dai a lura, shi ma 0W-16 aka rubuta masa a kasuwanni da dama, wanda ya fi 0W-20 tsinkewa. Wato ko ka guje wa turbo, ba ka guje wa zamani ba.

Ga inda na tsaya, Abban Sadiq. Ƙaramin zai iya kai ka 250,000, akwai da yawa da suka kai. Amma da sharaɗi, kuma rabin sharaɗin ba a hannunka yake ba, yana hannun wanda ya riƙe motar kafin kai. In babu takardun sabis da ke nuna irin man da aka zuba da lokacin da aka zuba, ni ba zan saya ba, komai kyan jikinta. Lita 2.0 ɗin ko an ɗan yi masa sakaci a baya, yawanci yana shanyewa.

Abban Sadiq:
Na fahimta. Mai ƙaramar yana da takardu, amma ban karanta su da wannan idon ba. Baba, in na koma me zan duba da kaina kafin in kira makaniki?

Baba Makaniki:
Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, ka sa hannu a kan injin ka tabbata da sanyinsa. Injin mai zafi yana ɓoye abubuwa da yawa. Kai za ka tayar, bonet a buɗe, rediyo a kashe. Ka kasa kunne a daƙiƙun farko. Ƙarar tik-tik mai sauri ba komai ba ce, nozul da famfon matsi ne, haka suke. Kaca-kaca kamar ana jan sarƙa ita ce abin tsoro. Ka dubi fitilar mai, ya kamata ta mutu nan take. In ta yi jinkiri, ka tuna rariyar da na ba ka labari.

A wasu injinan masu bel cikin mai, in ka buɗe murfin zuba mai ka haska tocila, za ka hango bayan bel ɗin. Lafiyayye sumul yake. In ka ga tsaga-tsaga, ko gefensa ya yi gashi, ko ya kumbura, lokacinsa ya yi ko da kilomita ba ta kai ba. Kuma ka sani yawancin waɗannan injinan in bel ya tsinke fistan da bawul karo suke yi. In za a canja bel, a sauke kaskon ƙasa a wanke rariya a rana ɗaya, kada a yi ɗaya a bar ɗaya.

Sai ka bar ta a sulo ta ɗan jima, wani ya taka totur kai kana baya. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, ko turbo ko ringi. Ka zare bututun da ke fitowa daga turbo in an yarda, ɗan maiƙo ba laifi, amma in mai ya kwanta a ciki da sauran magana. A takardun kuma ka nemi ranar da aka canja fulogi. Na iridiyam a injin marar turbo yana iya haura kilomita 100,000, a mai turbo kamfanoni da yawa suna cewa wajen 60,000.

Direban Dogon Zango:
A ƙara da fetur. Buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta a ciki. Da yawa daga cikinsu fetur mai RON 95 suke so, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokaci ba. In aka ba su na ƙasa da haka ba za su mutu nan take ba, sansar nokin, mai jin bugun wutar da ta kama ba kan lokaci ba, za ta ji, kwamfuta ta ja wuta baya, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙara zafi. Kuma maganar rashin shan mai, gaskiya ce in kana tafiya a hankali. In ƙafarka na da nauyi, turbo na cusa iska, dole fetur ya bi ta, sai ka ga bambancinsa da lita 2.0 ya zama kaɗan.

Maman Ilham:
Wata tambayar kuma. An ba ni shawara a cire tamostat wai don kada mota ta yi zafi, kuma a riƙa zuba ruwan famfo a lagireto. In yarda?

Injiniya:
Kada ki yarda, Hajiya, musamman ke da fetur ke shiga miki mai. An tsara injin ya yi aiki a wajen digiri 90 zuwa sama kaɗan da 100. In aka cire tamostat, ruwa zai yi ta zagayawa lagireto tun daga tayarwa, injin ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara fetur. Matsalarki za ta ninku. In mota na zafi, akwai dalili: fanka, famfon ruwa, murfin da ba ya riƙe matsi, yoyo, ko lagireto da ya toshe. Shi za a nema.

Ruwan famfo kuma yana barin farin dutse a cikin ƙananan hanyoyi, yana cin alminiyam, kuma yawancin turbo na zamani da wannan ruwan ake sanyaya su. Kulant da aka haɗa rabi da rabi, a ƙarƙashin matsin murfi, sai ya wuce digiri 120 kafin ya tafasa. A zuba irin wanda littafi ya ambata, kada a bi launi, domin kala ɗaya na iya zama sinadari daban.

Ɗalibi:
Oga Injiniya, mai motar da na faɗa ya ce fitilar injin ta daɗe tana ƙiftawa in yana hawa tudu, amma da yake tana dainawa da kanta bai kula ba. Akwai bambanci tsakanin mai ƙiftawa da wadda ta tsaya cak?

Injiniya:
Akwai babba. Wadda ta tsaya cak tana cewa an ga matsala, a kai a duba ba da daɗewa ba. Mai ƙiftawa tana cewa a yanzu haka wata silinda ba ta ƙona fetur ɗinta, ɗanyen fetur na tafiya cikin salansa yana ƙonewa a kan katalis, wato abin da ke tace hayaƙi, zafin kuma na iya narkar da saƙar da ke cikinsa. A ɗaga ƙafa nan take, in ba ta daina ba a tsaya. Bayan kun gama wanke bawul ɗin, ku goge lambobin, ku fita da ita ta yi zafi sosai, ku sake sa na'ura. In P0420, lambar raunin katalis, ta fito, ku gwada sansar iskar oksijin ta baya da yoyon salansa tukuna kafin ku yanke wa katalis hukunci.